Sauran Wuri Nawa a Faifai? Fashin Baƙi Kan Lambar da Kwamfuta Ke Nunawa

Faifai ɗaya ne a cikin kwamfutar, amma idan ka tambayi manhajoji uku sauran wurin da ya rage a cikinsa, ba mamaki kowacce ta ba ka amsa daban. Wannan ta ce giga 80, waccan ta ce 52, ita kuma wadda kake son ɗorawa ta ƙi shiga, ta ce wuri bai isa ba. Da yawa sai su fara zargin bairos, ko su ce an sayar musu da faifai mai algus. Galibi babu ko ɗaya daga ciki. Kowace manhaja gaskiya ta faɗa, tambayar da ta amsa ce ta sha bamban da ta 'yar'uwarta. Abin da mai kwamfuta ke son sani dai bai wuce wannan ba: idan na kwafo kayan nan yanzu, za su shiga? Amsar kuwa ta danganta da wanda ke tambaya, da irin kayan da zai zuba, da kuma ko ya yarda a goge masa wani abu domin a samar da wuri.

Mu fara da saɓanin da kusan kowa ya taɓa cin karo da shi. An buga terabayit 1 a jikin kwali, ka jona faifan, Windows ta nuna 931 GB. Ina 69 suka shige? Ba su shige ko'ina ba. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga: kilobayit bayit 1,000 ne, gigabayit biliyan 1, terabayit kuma tiriliyan 1 cif. Ita Windows da 1,024 take ƙirga, saboda ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan ninkin biyu aka gina ta. Gigabayit ɗinta bayit 1,073,741,824 ne. Raba tiriliyan 1 da wannan adadi, za ka samu 931 da 'yan kai. Ta haka faifai mai 500 ke komawa 465, mai 256 ya koma 238.

A zamanin kilobayit tazarar kashi 2.4 cikin 100 ce kawai, ba wanda ya damu. A giga ta kai kashi 7.4, a tera ta kusa kashi 10, sai mutane suka fara ƙorafi, har aka kai kamfanoni kotu a Amurka. Western Digital ya yi sulhu da masu ƙara a 2006, Seagate a 2007. Tun 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunin kayan lantarki ta duniya ta ware wa ƙirgan 1,024 alamominsa, wato KiB da MiB da GiB, domin KB da MB da GB su tsaya a kan dubu. Apple ta koma ƙirgan dubu a 2009, a Mac OS X 10.6, shi ya sa faifan da Windows ke kira 931 GB, Mac ke kiran sa 1 TB. A Linux zaɓi naka ne: umarnin df ne ke nuna sauran wuri, df -h da 1,024 yake ƙirga, df -H da dubu. A ganina, wanda ya ƙirga da 1,024 sannan ya rubuta GB shi ne ya bar mutane cikin duhu, tunda alamar da ta dace tana nan shekara da shekaru. Ruɗanin ma tsoho ne: ƙaramin faifan nan na da, fulofi, da ake kira mai 1.44 MB, adadinsa 1,440 ne sau 1,024, wato an haɗa ma'aunin biyu a lamba guda.

Wannan dai lissafi ne, kalkuleta ta raba gardama. Inda gizo ke saƙa yana cikin tsarin fayil, wato dabarar da babbar manhaja ke bi wajen jera bayanai a faifai da riƙe rajistarsu.

Ba a ba fayil wuri bayit-bayit. An yanka faifan gurbi-gurbi masu girma ɗaya, kuma fayil biyu ba sa zama a gurbi guda, kamar mai adana kaya a kwalaye da ba ya haɗa na mutum biyu a kwali ɗaya: ko allura ka kawo, kwali guda za ta ci. A NTFS ta Windows da ext4 ta Linux gurbi yawanci bayit 4,096 ne. Fayil mai bayit 5,000 gurbi biyu zai cinye, wato 8,192. Shi ya sa idan ka buɗe bayanan fayil a Windows kake ganin layi biyu, ɗaya girman fayil, ɗaya abin da ya ci a faifai. Ga manyan bidiyoyi bambancin ba ya ko ganuwa. Amma ɗauki folda mai ƙananan fayiloli 100,000, kowanne bayit 2,000. Jimlarsu mega 200 ce. A faifai mai gurbin 4,096 za su ci mega 400 da ɗoriya. Ka kwafe su zuwa katin memori mai giga 64 da Windows ta yi wa fomatin da tsarin fayil na exFAT, inda gurbi ke kai bayit 131,072, sai ka tarar sun lashe giga 13. Kayan nan dai su ne, ba a ƙara musu ko harafi ba. Don haka girman folda a faifan da ta taso ba ya gaya maka abin da za ta ci a faifan da za ta sauka.

Tsarin fayil ɗin shi ma yana da nasa kason, domin rajistar sunaye da taswirar gurabe da kundin da yake rubuta ayyukansa duk a faifan suke zaune. Ga kuma ƙananan sassa da aka yanka aka ɓoye, na tayar da kwamfuta da na farfaɗo da ita idan ta lalace.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: wurin da ya rage, na wa? A Linux, ka duba sakamakon df a kan faifan ext4, ka haɗa abin da aka ci da abin da ya rage, ba za su kai jimlar faifan ba. Dalili shi ne ana ware kashi 5 cikin 100 wa babban mai kula da kwamfutar kaɗai, domin idan masu amfani sun cika faifai maƙil, muhimman ayyukan tsarin su samu wurin rubutu, shi kuma ya samu damar shiga ya gyara. Hikima ce mai kyau a faifan da babbar manhaja ke kai. A faifan tera 4 da bidiyo kawai ake zubawa kuwa, giga 200 ke nan a zaune ba aiki, kuma ana iya rage su da umarnin tune2fs. Windows 10 ita ma tun sabuntawar Mayun 2019 take ware wa kanta kusan giga 7 domin kada sabuntawa ta maƙale. A kwamfutocin ma'aikatu akwai kuma iyakar da ake yanka wa kowane ma'aikaci: faifan na da tera guda a buɗe, kai kasonka giga 2 ya rage.

Akwai kuma manyan fayilolin da Windows ke ɓoyewa daga ido. Ɗaya shi ne hiberfil.sys, inda take juye abin da ke RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta ta wucin gadi, idan kwamfuta za ta yi dogon barci, wanda kan kai kusan kashi 40 na girman RAM ɗin. Ɗaya pagefile.sys, mai ƙaruwa da raguwa gwargwadon nauyin aiki, shi ya sa lambar safe kan saɓa da ta yamma alhali ba ka sauke komai ba. Bayan babbar sabuntawa kuma foldar Windows.old na riƙe tsohuwar manhajar har kwana 10 kafin ta goge kanta. Manhajojin da ke zana maka taswirar abin da ya cinye faifai, irin su WinDirStat, idan ba ka buɗe su da cikakken ikon adimin ba, akwai foldojin da ba za a bar su su leƙa ba, sai lissafinsu ya zo da giɓi.

Gogewa ma ba kullum take dawo da wuri ba. Na kwandon shara kowa ya sani. Wanda ke wahalar da masu kula da manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet shi ne wannan. Faifai ya cika, shafi ya tsaya. Mai kula ya bincika ya gano fayil ɗin rahoton ayyuka ya kumbura ya kai giga 40, ya goge shi. Ya gudanar da du, wanda ke bin folda-folda yana tara girman abin da ya gani: giga 40 sun fita daga lissafi. Ya gudanar da df, wanda ke tambayar tsarin fayil kai tsaye gurabe nawa ne a sake: har yanzu kashi 100, ko gezau. Abin da ya faru shi ne a Linux da danginta gogewa suna kawai take cirewa. Muddin akwai manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe, gurabensa na nan a kame, tana ma ci gaba da zuba rubutu a cikin fayil ɗin da ba shi da suna. Umarnin lsof +L1 ne ke fito da irin waɗannan. Da an sake kunna manhajar, giga 40 su dawo nan take. Duk lokacin da du da df suka yi hannun riga, kada ka ce ɗaya ya yi kuskure. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke nuna maka inda za ka tona.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan ya ginu a kan zaton cewa kowane gurbi na fayil ɗaya ne. A kwamfutocin yau wannan zato ya rushe, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a fi tsayawa.

Tun da daɗewa fayil ɗaya na iya samun suna biyu a folda biyu. Foldar WinSxS ta Windows cike take da irin wannan, shi ya sa take bayyana da girma fiye da abin da ta ci, har wasu su yi gangancin goge ta da hannu su lalata kwamfutarsu. Umarnin DISM ne ke faɗin ainihin girmanta. Amma sababbin tsare-tsare, wato APFS da Apple ta fitar a 2017, da Btrfs da ZFS, sun wuce nan nesa. A Mac, ka yi kwafin bidiyo mai giga 10 a faifai ɗaya. Kafin ka ɗaga yatsa an gama, kuma sauran wuri bai ragu ba, domin fayilolin biyu gurabe ɗaya suke nunawa. Sai ka gyara wani sashe na ɗaya ne za a rubuta sabon sashen kaɗai a wani wuri. To giga 10 ɗin nan na wane ne? Kowanne fayil ka tambaya zai ce girmansa giga 10, jimla 20, faifan kuwa 10 ya bayar. Ka goge na farko, ba ka samu komai ba. Ka goge na biyu, 10 su dawo gaba ɗaya. A irin wannan tsari tambayar "nawa wannan folda ta ci" da tambayar "nawa zan samu idan na goge ta" ba su da amsa ɗaya, kuma kusan duk manhajojin awo ta farkon suke amsawa alhali mai amfani ta biyun yake nufi.

Da wannan dabara ake ɗaukar hoton faifai, wato a daskarar da yanayinsa na wani lokaci domin a iya komawa. Lokacin ɗauka hoton ba ya cin wuri. Yana fara ci ne sa'ad da ka goge ko ka sauya abin da ke cikinsa, domin dole ya riƙe tsohon. Time Machine, manhajar kwafin ko-ta-kwana a Mac, na ɗaukar irin wannan hoto duk awa, ta riƙe shi awa 24. Ka goge giga 30 da rana kana neman wuri, ka duba, lamba ba ta motsa ba, saboda hoton safe na riƙe da su. Windows na yin makamancin haka da wuraren komawa baya da take ajiyewa. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne a tsarin da ba ya rubutu a kan tsohon gurbi, gogewa kanta tana buƙatar ɗan wurin da za a rubuta sabuwar rajista. Saboda haka ZFS ke killace kusan kashi 1 cikin 32 na rumbun, kada a cika shi har a rasa yadda za a rage.

Apple ta tunkari matsalar ta wata hanya tun macOS Sierra a 2016. Ta ce akwai kayan da ke faifai amma ana iya kwashe su idan buƙata ta taso: tsofaffin hotunan faifai, tarkacen wucin gadi, da fayilolin da ke da kwafi a iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet. Finder, manhajar duba fayiloli a Mac, na lissafa waɗannan cikin sauran wuri, df ba ya lissafa su, daga nan ake samun 80 a can, 52 a nan. Lambar Finder alkawari ce: ka fara zubawa, zan share maka hanya. Yawanci ana cika alkawarin. Sai dai sharewa na ɗaukar lokaci, kuma manhajar da ta duba ƙaramar lambar kafin ta fara aiki za ta ja daga ta ce wuri bai isa ba. Abin da nake yaba wa Apple a nan shi ne ta fito fili a wurin masu rubuta manhaja: ta ba su damar tambayar wurin da za a samu domin abu mai muhimmanci da mai amfani ya nema da kansa, daban da wurin da za a samu domin abin da manhaja ke son saukewa don raɗin kanta. Na farko ya fi yawa, domin a kansa ne kawai ya dace a kwashe wa mutum kaya.

Matse bayanai ma na hana a san gobe. Idan tsarin fayil na matse abin da aka zuba, giga 50 da suka rage na iya ɗaukar rubutu ninkin haka, amma bidiyo da hotuna da tuni a matse suke, 50 ɗin ce iyakarsu. Manhajar Btrfs da kanta takan rubuta a gefen lambar cewa ƙiyasi ce.

Akwai kuma wurin da ake nuna maka alhali babu shi. Kwamfutar da ake ginawa cikin wata kwamfuta, faifanta fayil ne kawai mai faɗaɗa a kan faifan gaske. Mai amfani da Linux a cikin Windows ta hanyar WSL na iya ganin kusan tera 1 a buɗe, a kwamfutar da faifanta duka giga 256 ne. Kuma idan ya goge kaya a ciki, fayil ɗin na waje ba lallai ya motse da kansa ba. OneDrive da iCloud kuma akasin haka suke yi: folda ta nuna giga 200, a faifai kusan sifili, domin sunaye ne kawai a ƙasa, kayan na can a intanet. Ranar da ka ce za ka yi kwafin ko-ta-kwana na wannan folda, sai a fara sauko da su, faifan da kake ganin wasai ya cika cikin dare.

Wani lokaci kuma wuri na nan da gaske, rubutu ya ƙi. Filash mai tsarin fayil na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ko da babu komai a cikinsa. A ext4 kowane fayil na buƙatar shafinsa a rajista, kuma yawan shafukan tun ranar fomatin aka ƙayyade shi. Miliyoyin ƙananan fayiloli na iya ƙarar da su faifai na rabi, kwamfuta ta ce babu wuri. Umarnin df -i ke tona wannan.

Game da SSD, wato faifan zamani mai ƙwaƙwalwa irin ta filash, yana da nasa ɓoyayyen wurin da babu manhajar da ke ƙirga shi. Ba ya iya rubutu a kan tsohon bayani sai ya goge babban yanki gaba ɗaya, don haka yana buƙatar filin juyawa. Wannan na daga dalilan da ake ganin masu giga 240 da 480 maimakon 256 da 512. Idan ya kusa cika, gudun rubutunsa na faɗuwa. Shawarata ita ce a ɗauki kashi 10 zuwa 15 na ƙarshe a matsayin ba na zuba kaya ba ne.

To ta yaya za a auna? Idan tambayar ita ce ko kaya za su shiga, ka tambayi faifan da za su sauka, da sunan mai amfanin da zai rubuta, ka ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da aka ba ka, ka tabbatar ma'aunin ɓangarorin biyu ɗaya ne. Mafi aminci shi ne a kwatanta da bayit tsantsa, tunda a kansa babu gardamar dubu da 1,024. Ka kuma tuna fayil ɗin da aka matse na buƙatar wurin kansa da na abin da zai fito daga cikinsa a lokaci guda. Idan tambayar ita ce me ya cinye wuri, to mai bin folda-folda za ka sa, da cikakken iko, sannan ka kwatanta jimlarsa da abin da tsarin fayil ya ce an ci.

Masu rubuta manhaja nauyinsu ya fi yawa, domin kuskurensu a kan kayan mutane yake ƙarewa. A Linux kiran statvfs, da manhaja ke tambayar sauran wuri da shi, na dawo da lamba biyu, f_bfree da ta haɗa da kason babban mai kula, da f_bavail ta mai amfani na gama-gari, kuma ta biyun ce abin dubawa. GetDiskFreeSpaceEx ta Windows ita ma ta raba abin da ya rage a faifai da abin da mai tambaya zai iya samu. A tambayi ainihin foldar da za a rubuta a ciki, domin folda biyu maƙwabta na iya zama a faifai daban-daban. Ko an yi duk wannan, tsakanin dubawa da rubutawa wata manhaja na iya cinye wurin. Don haka a kama wurin tun farko da kiran fallocate na Linux inda tsarin ya yarda, a rubuta sabon fayil a gefe, sai an tabbatar ya kammala a maye gurbin tsohon da shi. Manhajar da ta fara goge tsohon aiki sannan ta tarar babu wurin sabo ta yi wa mutum asarar da ba ta da dalili.

Dukkan lambobin nan kuma a kan abu ɗaya suka dogara: girman da na'urar ta faɗa wa kwamfuta da bakinta. Jabun filash da katin memori a nan suke cuta. An sauya musu bayani su ce tera 1 ne, alhali ƙwaƙwalwar ciki ƙarama ce. Windows da Mac da Linux duk za su nuna babban adadin, kwafi zai tafi lafiya, sunayen fayiloli su jeru, amma abin da ya wuce ainihin girman ko dai ya ɓace ko ya hau kan na baya, ba za a gane ba sai ranar buɗewa. Manhajoji irin su H2testw da F3 ba sa tambaya. Cika na'urar suke yi da bayanan da suka sani daga farko har ƙarshe, sannan su karanto su kwatanta. Gwajin kan ɗauki awanni a babban kati, kuma tun yana sabo ba komai a ciki ya kamata a yi shi. Idan giga 30 ne kawai suka dawo daidai, to 30 ɗin ne girman katin, kome aka buga a jikinsa.